Hoton Ganuwar da Na Yi Alkawari

Abokina na ƙuruciya, wanda muka tashi tare a unguwar Gobarau, shi ya matsa mini sai na je Landan na ga iyalinsa. Da na je ya yi ta zagayawa da ni kamar baƙauye, ga gada, ga majalisa, har ƙafafuna suka kumbura. Ranar Asabar ya kwashe mu a jirgin ƙasa, ni da ɗiyarsa da aka haifa a can, zuwa wata tsohuwar fadar dutse a kan tudu.

Gini kam ya ginu. Na kai hannu zan shafa bango, wata ma'aikaciya ta taso da sauri ta ce ba a taɓawa. Dutse fa, ana lallaɓa shi kamar jariri.

Yarinyar ta dube ni da 'yar Hausarta da ba ta nuna ba. "Baffa, akwai irin wannan a Katsina?"

Kafin in buɗe baki uban ya kwashe da dariya. "Ina hwa! Can ai sai jar ƙasa."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Mutumin da muka yi ta hawan ganuwa tare, muna sulɓiyowa a kan kwali har wandunanmu suka yage! Na ce masa, "Kai, ji tsoron Allah." Na juya na ba yarinyar labarin ganuwar da ta kewaye garinmu, tsayinta da kaurinta, na yi mata alkawarin hoton daidai inda muke wasa da ubanta. 

Washegarin dawowata, ko gajiya ban sauke ba, na nufi wurin da wayata. Na tarar da jerin shaguna. Ɗan guntun ganuwar da ya rage, wani magini na saransa da diga yana lodawa a baro.

"Malam, mi kake yi haka?"

"Yaɓe za mu yi kahin ruwa ya sauko, Alhaji. Ƙasar nan ta hi kowace kyau."

Mutane na ta wucewa, babu wanda ya taso ya ce masa ba a taɓawa.

Hasumiyar Gobarau tana nan, da na ga dama in ɗauka in tura, amma ba ita na yi alkawari ba. Jiya ma yarinyar ta turo muryarta: "Baffa, ina hoton?" Ban amsa ba. Ta wayar uban take turowa, duk abin da na tura shi zai fara gani.