Garin da Na Ba Rifkatu

A gidanmu na Kagoro, da zarar an gama cin tuwon yamma, Kaka takan jawo kujerarta kusa da murhu, mu kuma mu kewaye ta. Labaranta duk na mazauna saman dutse ne: Mai Tsawa da ke rabon ruwan sama, Uwar Rafi, da wani matsafi mai suna Ɗan Toka. Mamata, malamar firamare, takan ce, "Mama, allolin nan naki, in pasto ya ji fa?"

"Ya ji mana. Na yi baftisma kafin uwarsa ta yaye shi."

Bayan kowane labari sai kacici-kacici a kan mutanen cikinsa. Wanda ya ci, shi ke zama a gindin ƙafar Kaka, shi ke yin tambaya ta gaba. Wanda ya kasa kuwa sai ya ba da gari, kamar yadda aka saba. Wurin nan na gindin ƙafar Kaka nawa ne, har tabarmar ta san ni.

Sai aka kawo Rifkatu, 'yar goggona, daga Kafanchan bayan rasuwar uwarta. Wata biyu ba ta ce uffan ba. Ran nan Kaka ta tambaya, "Wace ce tana tafiya dare da rana, amma ba ta taɓa barin gidanta ba?" Kafin in buɗe baki, wata siririyar murya ta ce, "Uwar Rafi." Tun daga ranar ta ƙwace mini wuri. Na tsane ta, ba zan ɓoye ba. Hatta yadda take lanƙwashe ƙafa haushi yake ba ni.

Wata yamma Kaka ta ba da labarin yadda Ɗan Toka ya ji zafin godiyar da mutane ke yi wa Mai Tsawa, ya sace ruwan sama ya ɗura a gora, ya ɓoye a ɗakinsa. Ba wanda ya gode masa, gonarsa ce ma ta fara bushewa. Iya nan na ji, don idona na kan hannun Kaka da ke shafa kitson Rifkatu.

Rifkatu ta juyo gare ni. "Wane sojan Mai Tsawa ne, ba ido, ba takobi, amma ya ƙwato ruwan?"

Gara ce, ita ta cinye goran. Kowa ya sani sai ni. Ƙannena suka fara dariya, suna cewa in ba da gari.

"Na ba ki Kafanchan," na ce. "Ki tattara kayanki ki koma."

Dariyar ta ɗauke. Rifkatu ta dube ni, ta ce, "Ai ba kowa a can."

Kaka ba ta dake ni ba. Ta janye itacen daga murhu, ta ce, "Saratu, yau bakinki ya kashe wuta. Ku tashi." Washegari Rifkatu ta koma can baya ta zauna, ba ta sake amsa komai ba. Na samu wurina, amma kamar ruwan Ɗan Toka: na riƙe, ban ji daɗinsa ba ko sau ɗaya.

Shekara tara bayan haka, muna wanke tukwane a wajen jana'izar Kaka, na nemi gafarar Rifkatu. Ta yi murmushi.

"Kin ɗauka ni na san amsoshin? Kaka ce take faɗa mini da rana, muna yankan citta. Ta ce ke kina da uwa, ni kuma a bar ni in samu ko da amsa."

Ya kamata kunya ta rufe ni, kuma ta rufe ni daga baya. Na gane tsohuwar nema take ta dawo wa marainiya da muryarta, ni kuwa na sake toshe ta. Amma abin da ya fara zuwa zuciyata a gaban tukwanen nan, ina mace da aurena, shi ne: ni ban taɓa samun amsa ko ɗaya daga bakin Kaka ba.