Ɗakin Gwaggo a tsakiyar lambu

"Hajiya, ba a zama a kan ciyawar nan," in ji mai gadin lambun da Larabci.

Gwaggona ko motsi ba ta yi ba.

A shekarun saba'in ne, ina karatu a Riyad, ita kuma tana wurin ɗanta a unguwar Gubaira a can Riyad ɗin. Da aka yi hutu ta matsa sai na kai ta Jidda. Muka zaga tsohon gari da gidajensa masu tagogin katako, muka je bakin teku, ba abin da ya burge ta. Ashe unguwar da ta sauka lokacin da ta zo daga Kano a ƙafa take nema. Muka tarar an rushe ta, an yi lambun shaƙatawa.

Ta dafa ƙasa ta ce masa, "Ɗana, nan ne ɗakina. Nan na haifi Binta, nan ta cika a hannuna."

Mutumin ya sunkuyar da kai. Ya je ya kashe famfon ban ruwa don kada ya jiƙa ta, ya koma nesa ya tsaya.

Har ta rasu ba ta sake neman zuwa Jidda ba. Allah ya jiƙan Gwaggo.

Ku fa, kun taɓa komawa wani wuri kuka tarar babu shi?