Wayar da Na Fizge

Bango ɗaya ne ya raba gidanmu da masallacin unguwa, a wani lungu can ciki da Ƙofar Kuyambana. Ni 'yar gidan malamai ce, a wurinmu ko rediyo ne sai an kashe da zarar ladan ya gyara murya. Sai ga shi Allah ya haɗa ni da miji mai kaɗa jita! Ma'aikacin gwamnati ne, mai kunya, ba ya wasa a biki, ɗakinsa kawai yake shiga ya tura ƙofa ya yi abinsa. Da ya yi ritaya abokan ofis suka watse, jitar nan ce kaɗai ta rage masa.

Amfilifayar, wato injin ƙara sautin da yake jona jitar, ma ta fi jitar daraja a wurinsa. Tsohuwa ce, mai kwalaben gilashi a ciki da suke yin ja in sun ɗau zafi, wani amininsa da ya rasu ya bar masa. A bayanta akwai ramuka uku, an rubuta huɗu, takwas, sha shida, akwatin lasifikarsa kuma takwas ne. Sau nawa yana zaunar da ni yana min karatu! "Hajiya, takwas da takwas. Kowace lasifika da lambarta, in ta shiga ramin da ba nata ba, injin ne zai sha wuya." Ranar wata walima maƙwabta suka zo aro, za su jera mata lasifika huɗu a rami ɗaya don sauti ya kai bakin titi. Mutumin da bai iya hana aron komai ba, ranar ya hana. Wai in an jera su haka lambar faɗuwa take yi ta koma biyu. Haushi ya cika ni, na ce, "Malam, a kan akwati za ka ba mu kunya a unguwa?" Ban taɓa jin karatun nan har ƙarshe ba, kullum ina da girki a wuta.

Wata rana Goggo, ƙanwar babana, ta kawo mana ziyara. Muna tsakar gida aka fara kiran la'asar, jita kuwa sai tashi take. Goggo kallona kawai ta yi. Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Na faɗa ɗakin, ya juya baya, ido a rufe, bai ma ji kiran ba. Na rasa inda ake kashewa, sai na kama wayar da ta tafi lasifika na fizge.

Ɗakin ya yi tsit. Shi a zatonsa wayar jitar ce ta motsa, sai ya ƙure murya ya daddage yana bugawa. Sai ƙauri, sai wani siririn hayaƙi daga bayan injin. Ya juyo ya gan ni da waya a hannu. Salati kawai ya yi, ya kashe wuta, ya ɗauki buta ya tafi masallaci. Da ya dawo ne ya ce min a hankali, "Irin wannan ba a barin ta tana aiki babu lasifika, Hajiya. Tukunya ce a kan wuta ba ruwa." Da ma faɗa ya yi, da na samu abin mayarwa.

Shirun da na daɗe ina roƙo ya samu, kuma ban taɓa ƙin wani abu kamarsa ba. Malam ya koma zaman zaure yana kallon masu wucewa, tuwo ya ci rabi ya ture. Ya rataye jitar a bango. Sai da ya yi mako biyu haka, na ga mutum yana ramewa a gabana, na ce a'a, ni na ɓata, ni zan gyara. Na naɗe amfilifayar a zane, na kai ta Tudun Jukun wurin wani tsoho mai gyaran rediyo. Ya buɗe, ya shinshina, ya ce taransifomar ce ta ƙone, zai sake naɗa mata waya da hannu. Sannan ya tambaye ni, "Lasifikar nawa ce?" Ban san sadda na ce "takwas" ba. Ashe karatun ya shiga!

Ranar da na dawo da ita, ni na jona da kaina yana kallo. Ya taɓa tsirkiya ɗaya, ya saurara, sai ya kau da kai yana share ido da hannun riga. Ni ma na fita na yi nawa a madafa.

Yanzu idonsa ya yi rauni, ba ya ganin lambobin. Na ɗiga jan farce a kan ramin tsakiya, ni nake jona masa kullum bayan la'asar. In ladan ya gyara murya, kafaɗarsa nake dafawa, ya tsaya, ya kashe da kansa. Kuma har yau ba ya kunnawa sai ya ce, "Kin duba, Hajiya?" Ni da na taɓa kiran ta akwati, sai in durƙusa in sake dubawa, in ce, "Takwas da takwas, Malam. Kaɗa, ina ji."