Karen Baba Illo

A gidanmu na Dumega, da damina ake tatsuniya a ƙarƙashin rumfar Kaka. Takan hura ƴar wuta saboda sauro, ta zuba mana gujjiya a toka, mu kewaye ta. Ina jin ban wuce aji uku a makarantar lakwal ba a shekarar da zan ba da labarinta, ko da yake ba zan rantse ba.

A shekarar ne Baba Illo, ƙanen mahaifina, ya dawo daga aikin soja a cikin hamada. Jikinsa lafiya lau, amma in aka yi tsawa sai ya faɗi ƙasa ya rufe kai, yana kiran sunayen mutanen da ba mu sani ba. Aka yi rubutu, aka yi hayaƙi, aka kai shi wurin lokotoro a asibitin Dogonduci. Abin da ya ɗan yi magani wani jan kare ne da ya biyo shi daga gona, ya sa masa suna Barsu. Tun hadari bai haɗu ba Barsu zai zo ya kwanta a kan ƙafafunsa. Baba Illo ya dafa wuyansa, ya yi ta numfashi har ruwa ya ɗauke.

Mahaifina ɗan kasuwa ne mai tsananin kiyaye tsarki. Ya ce ba ya zama gida ɗaya da kare, ranar kasuwar Kore Mairuwa za a ɗora shi a amalanke a ba mafarauta. Kaka ba ta da bakin hana shi, domin shi ne ɗan farinta. Ba ta faɗin sunansa, ba ta yi masa magana ido da ido. "Wancan" take ce masa.

Ana gobe kasuwa, bayan isha'i, mahaifina na zaune a zaure, zana kaɗai ta raba mu da shi. Kaka ta ɗaga murya fiye da kullum.

"Ga ta nan tahe."

"Ta iso mu ji ta!"

Ta ce wani mayaƙi ne ya dawo gida, ashe yaƙin ya biyo shi ya ɓuya cikin kunnensa. Ya je wurin doki neman taimako, doki ya ce shi ma tsawa firgita shi take yi. Raƙumi ya ce abin ya fi ƙarfin wuyansa. Sai kare ya ce, "Ba ni iya hidda shi. Amma ina jin tahowatai kahin kai ka ji, sai in danne maka ƙafa, ka san ƙasar gidanku kake takawa."

Na ce, "Kaka, ai kare a tatsuniya makwaɗaici ne."

"Kai mijin banza, bakina ko naka? Ci gujjiyarka."

Ta ci gaba. Mutanen gari suka kori karen. Da hadari ya taso, mayaƙi ya laluba ƙafarsa ya ji wayam, sai ya tashi ya bi sawun karen cikin daji, ruwa na dukansa. Nan ta koma tona wuta.

"Sai mi, Kaka? Ya dawo?"

"Ni ma ban sani ba. Ƙarshen wagga ba hannuna yake ba."

Ba ta rufe ta da ƙurunƙus ba, abin da ba ta taɓa yi ba. Muka ji mahaifina ya yi gyaran murya a zaure.

Da safe amalanke ya tafi da buhunan gero kawai. Kafin la'asar mahaifina ya kafa rumfa a wajen ƙofar gida, ya ajiye wa karen kaskon ruwansa daban. Bai taɓa shafa shi ba, kuma Barsu bai ƙara shiga tsakar gida ba. In hadari ya taso, Baba Illo ne ke fita wurinsa.

Sai da na je jami'a a Yamai na ga littattafan yara masu hotuna, da Faransanci, a kan karnukan da ake horarwa don su taimaki tsofaffin sojoji. Yanzu da nake koyarwa na gwada rubuta irinsu da Hausa, a kan Barsu. Na daɗe ina jinkiri, ina tsoron abin da iyayen yara za su ce, kuma mai yiwuwa suna da hujja. Da can na ɗauka tatsuniyar a kan amanar kare take. Yanzu ina ganin, in ban yi kuskure ba, a kan yadda ake bar wa mutum hanyar sauya ra'ayi ne ba tare da an kunyata shi ba.

Kaka ta rasu, don haka mahaifina na fara kai wa zanen littafin. Ya sa tabarau, ya daɗe yana kallon hoton karen. Sannan ya miƙo mini.

"Kunnensa na hagu a tsage yake," in ji shi. "Ka gyara."