Rantsuwar Sabitu Tela

Sabitu tela ne a bakin kasuwar Dutsin-Ma, amma ba ɗinki ya sa aka san shi ba, baki ne. Duk safiyar da gidan rediyo ya buɗe layi, sai an ji muryarsa. Lokacin da jam'iyyarsu take adawa, ko akuya aka sace a Kurfi sai ya ce masu mulki sun gaza, su ji tsoron Allah su sauka. Da mulki ya dawo hannunsu, sai harshe ya juya. In an yi zancen 'yan bindiga ya ce, "Ai gada muka yi. A zamaninku me kuka tsinana?" In an matsa masa, ya ce tsaro aikin kowa ne.

Yana da wa, Hudu, manomi, wanda tsoro ya koro daga wani ƙauye a yankin Barkiya, ya tare da iyalinsa cikin garin Kurfi. Da ruwan shuka ya sauka, aka tambayi Sabitu a rediyo halin da ƙauyuka ke ciki. Rabonsa da yankin tun bara, amma ya ce, "Wallahi lafiya ta samu. Masu cewa gona ba ta zuwuwa 'yan adawa ne, baƙin ciki ke cin su."

Hudu yana sauraro. Ya koma ya shuka gero, ya yi noman fari lafiya. Ran da ya je maimai bai dawo ba. Tsakanin kunyoyi aka tsince shi, da harbi a ƙirji.

A zaman makoki, Hafiza, matar mamacin, ta sa aka kirawo Sabitu zaure. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Na hana shi, Sabitu. Ya ce mini ƙanensa ba zai rantse a kan ƙarya ba."

Ya fito, ya tarar masu ta'aziyya sun kaure da gardamar zamanin wa aka fi kashe mutane. Wani ɗan jam'iyyarsu ya taɓo shi. "Malam Sabitu, ba su amsa mana!"

Abin da ya firgita shi, amsar tana nan a bakinsa a shirye, har leɓɓansa sun fara motsi. Ya miƙe ya shige masallaci, bai fito ba sai da aka watse.

Da kaka geron ya nuna, ba wanda ya yarda ya je girbi. Sabitu ya hau acaɓa har inda mai mashin ya ce ba zai wuce ba. Daga nan ya tsaya yana hangen tsuntsaye suna sauka a gonar.

Yanzu ɗinkinsa kawai yake yi. Wani lokaci yana cikin taka keke sai ƙafarsa ta tsaya, ya ji kamar sallamar Hudu, ya amsa, ya ɗaga kai. Babu kowa a ƙofar shago.