Tuffar da Khalilu Ya Rufa wa Buhu

Shekara talatin Khalilu ya yi yana hawan dabino a Badar kafin gwiwa ta ƙi. Sai ya dawo Madina, ya kama aikin lambu a gidan wani attajiri a unguwar Anbariyya. Shi Khalilu jikan mahajjatan Katsina ne, waɗanda suka zo da ƙafa suka zauna.

A 1978 Abdulrauf, ɗan maigidan, ya dawo daga karatu a Jamus da dashen tuffa shida. Aka sare dabino huɗu masu haihuwa don a ba su wuri. Wai ci gaba ke nan!

"Ya Ammi, kawuna, amana ce," Abdulrauf ya ce wa Khalilu. "In ba su yi 'ya'ya ba, khalas, shi ke nan, Baba zai ɗauko wani."

Iyakar bayanin ke nan.

Sanyi na shigowa ganyen tuffar ya yi ja, ya zube. Hankalin Khalilu ya tashi, don shi a saninsa dabinon da ya zubar da ganye ya gama yawo. Ya naɗe su da buhuna, ya riƙa ajiye musu kaskon garwashi, ya share ganyen tas kada maigida ya gani. Sanyi uku yana wannan bauta, ko fure ɗaya babu.

Wani tsohon alhaji Baturke da ya sauka a maƙwabta ne ya leƙo ta katanga, ya yi dariya har da tari.

"Ya Shaikh, wa ya ce ka tufatar da su? A ƙasarmu daji kakaf yake tuɓewa. Ƙanƙara ta rufe shi wata uku yana barci, ganyen ya ruɓe a gindi ya zama taki. Itacen nan in bai sha sanyi ya ƙoshi ba, ba ya haihuwa."

Khalilu ya kwance buhunan, ya je ya gaya wa Abdulrauf gaskiya.

"To me ya hana ka tambaya?" in ji Abdulrauf.

Ji fa! Mutumin da ya shekara huɗu a Jamus bai taɓa ɗaga kai ya dubi itace ba.

A shekarar an bar su tsirara, amma sanyin Madina bai kai musu ko'ina ba. Fure kaɗan ya fito ya kakkaɓe. Maigida ya ɗauko wani Bamisire mai takardar shaidar aikin gona, aka sallami Khalilu.

Yanzu asuwaki yake sayarwa a hanyar Harami, ƙafa a miƙe. In an yi masa zancen lambu sai ya ce, "Ɗan'uwa, na gaji. Nawa za a ba ka?"