Ƙwan Ofori

Kowace Lahadi da yamma Maame Pokuaa, mai tumatir a Kumasi, takan tara 'ya'yanta huɗu, kuma ba a taɓa kwano sai kowa ya hallara. Ran da babbansu Ofori ya cika shekara ashirin, ta kirɓa masa doya da manja, ta ɗora dafaffen ƙwai ɗaya, rabon mai ranar haihuwa a al'adarsu, amma tun wani faɗa da suka yi da ita bai leƙo gidan ba. Ta fita ƙofa, ta dawo, ta sake fita.

"Mama, za ki cinye dakalin nan da ƙafa," in ji autarta Serwaa.

"Rufe min baki!"

Doyar ta huce kafin ya shigo yana sosa ƙeya. Ta tura masa kwanon ba ta dube shi ba. Ya raba ƙwan biyar, ya fara miƙa mata.